Zuwa Kusa, Dawowa Nesa

A filin jirgin garin babu mai kiransa da ainihin sunansa. Malam Anya ake ce masa, domin duk abin da aka faɗa masa sai ya karkata kai, ya ƙanƙance ido ɗaya, ya ce, "Anya?" In ka ce masa tufafi ne kawai a jakarka, sai ya ɗaga ta ya jijjiga kusa da kunnensa. In ka ce masa ka kwana lafiya, sai ya dube ka kamar da sauran bayani. Matarsa takan ba da labari cewa ranar da aka haifa musu ɗan fari, da ungozoma ta fito ta ce namiji ne, bai yi murna ba sai da ya shiga ya gani da idonsa.

Filin ba wani babba ba ne. Titi ɗaya ne na tsakuwa da aka daddaɓe, sai ɗaki mai rufin kwano inda fasinjoji ke jira a kan benci, da ofishin Manaja, da rumfar gangunan mai can gefe. An kewaye shi da waya saboda dabbobi. Aikin Malam Anya shi ne sikeli. Jirgin da ke zuwa ƙarami ne, mai farfela ɗaya a hanci, bai wuce ya ɗauki mutum goma ba, don haka ba kaya kaɗai ake aunawa ba, har da masu kayan. Manyan mata sukan ce masa sun san nauyinsu, ba sai sun hau ba. Sai ya nuna musu sikelin da haɓa, ya jira har su hau. Akwai wani ɗan kasuwa da ya taɓa sanya riguna a kan riguna, ya cusa batura a aljihu don kada a ce kayansa sun yi yawa. Malam Anya ya dai tambaye shi ko zazzaɓi yake yi.

Kafin ya zo nan direban babbar mota ne, shekara ashirin da wani abu. Hanyarsa ita ce ta arewa, zuwa wani gari da ke can ƙarshen ƙasa, wanda bayansa babu komai sai duwatsu. Hanyar ba ta miƙe ba. Sai ta zagaye tsaunuka, ta gangara neman wurin da kogi ya yarda a haye shi, sannan ta sake haurawa. Kwana biyu ake yi in an yi sa'a. A can yayarsa ta yi aure, ita ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa Auta ba. Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota. Amma motar ta riga ta koya masa abin da ta koya masa. Ya ga direbobin da ke zuƙe man mota su sayar a hanya, ya ga masu ratsewa ƙauye su ɗauki kayan da mai mota bai san da su ba, su dawo a makare su ce taya ce ta fashe. Abin da ya riƙe ke nan a ransa: tsawon hanya a zuwa shi ne tsawonta a dawowa, kuma direban da ya daɗe, to, ya tsaya a wani wuri.

Sau biyu a mako jirgin ke zuwa. Yakan taso daga babban birni ya sauka nan, ya sha mai, ya wuce garin can na arewa, ya juyo ya sake sauka nan, sannan ya koma inda ya fito. Matuƙinsa wani dogon mutum ne marar yawan magana, ana ce masa Kyaftin. Kullum in ya sauko sai ya zo har bakin sikeli ya ce, "Baba, ina gajiya?" Malam Anya yakan amsa, amma yawan ladabin bai taɓa kwanta masa ba.

A ofishin Manaja akwai rediyon da ake magana da filin can. In jirgi ya tashi daga nan, kamar awa guda sai a ji muryar mutumin da ke kula da rediyon can yana cewa ya sauka lafiya. In kuma ya taso daga can, mutumin yakan kira ya ce ga shi nan ya tashi. Sai Malam Anya ya fito ya tsaya bakin ƙofa. Awa guda ta cika, sama shiru. Ya koma ya zauna, ya sake fitowa. Sai an kusa ƙara rabin awa a kai kafin a jiyo ƙugin injin. Da farko ya ɗauka mutumin can ne ke kira tun jirgi bai motsa ba. Ya sa kunne sosai, sai ya ji ashe har ƙarar tashin jirgin ana jiyowa a bayan muryarsa. Ya bi abin mako bayan mako, bai canza ba.

Wata rana ya tari Kyaftin a inuwar fiffike, ya yi kamar hira yake so, ya tambaye shi yadda aka yi zuwa yake kusa, dawowa take nesa. Kyaftin ya yi murmushi ya ce iska ce. A wannan lokaci na shekara, in ji shi, akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga kudu zuwa arewa. In zai tafi tana tura shi ta baya, in zai dawo yana kokawa da ita gaba da gaba.

"Anya?" in ji Malam Anya. Ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen da ke rataye a sanda don nuna iska. Ƙyallen ya yi laƙwas, ko motsi ba ya yi.

"Ta ƙasa daban, ta sama daban, Baba," in ji Kyaftin, ya wuce ya duba mai.

Wannan amsa ita ta ƙara rura abin. Shi da ya tuƙa mota cikin iskar da ke yaye tamfol, bai taɓa zuwa wa mai mota da uzurin iska ba. Kuma ya san wani abu da yake ganin ba kowa ya sani ba. A tsakiyar tsaunukan nan, rabin hanya tsakanin garuruwan biyu, akwai tsohon filin jirgi na wani kamfanin haƙar ma'adinai da ya daɗe da tashi. Yana direba ya taɓa kai musu siminti. Mutum zai iya sauka can, ya sauke abu ko ya ɗauki abu, ya tashi, duk a cikin rabin awa.

Daga nan ya sa wa jirgin ido. In ya dawo sai ya zagaya ya duƙa yana duban tayoyi, ko zai ga laka mai launin da ba na filayen biyu ba. Yakan shaƙi ɗakin kaya in an buɗe. Yakan tambayi fasinjojin da suka sauko ko sun tsaya a hanya, su ce a'a, shi kuma ya lura cewa yawancinsu barci suke yi a jirgi, wasu kuma tsoro ba ya barinsu buɗe ido. Ranakun da jirgin ya dawo da kayan wasiƙu kawai, babu fasinja ko ɗaya, su suka fi tsaya masa a rai.

Da ya kai maganar gida, matarsa tana wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba. Ta ce masa an ɗauke shi ne ya auna kaya, ba a ɗauke shi ya auna sama ba. Ta tuna masa yadda ya shekara yana zargin maƙwabcinsu da satar ruwan tanki, ƙarshe aka gano tankin ne ke yoyo ta ƙasa.

"Malam, ka rufa mana asiri ka bar yaron mutane," ta ce. "Abin da ba ka gani ba, kada bakinka ya riga idonka."

Bai kai ƙara wurin kowa ba, wannan kam gaskiya ne. A filin, mai zuba wa jirgi mai kaɗai ya faɗa wa, suna zaune a rumfa, shi ma tambaya ya yi, ko man da jirgin ke sha ya yi daidai da tafiyar. Ya ambaci tsohon filin kamfanin a fakaice. Mai zuba man kuwa mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Kafin mako ya zagayo, a kasuwa ana cewa jirgi na sauka a daji. Kafin wata ya ƙare an san abin da yake ɗaukowa: wasu suka ce duwatsu masu daraja, wasu suka ce makamai, wata mai sayar da sabulu ta rantse mutane ne. Da maganar ta dawo kunnen Malam Anya, ta yi ƙiba har bai gane ta ba, sai ya ɗauke ta a matsayin shaida. Ga shi nan, ashe ba shi kaɗai ya lura ba.

Rannan jirgi ya sauka da wani baƙo mai ƙaramar jaka da tabarau, aka ce mai bincike ne daga birni. Aka dakatar da tashi zuwa arewa. Kyaftin ya koma birni a kujerar fasinja, wani matuƙi ya ja jirgin. Mai binciken ya zauna a ofishin Manaja yana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Malam Anya, ya tambaye shi abin da ya gani da idonsa. Malam Anya ya buɗe baki, sai ya tarar abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Ya ce shi dai ya ga zuwa bai kai dawowa daɗewa ba. Mutumin ya jira ko akwai ƙari. Babu. Ya ce masa ya gode, yana iya tafiya.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Kwalayen magani na ƙaramin asibitin garin can suka taru a ɗakin jira, har aka rasa wurin zama, daga baya aka loda su a mota. Malaman makaranta da ma'aikatan da suka saba tafiyar awa guda suka koma kwana biyu a hanya. Manaja ya daina amsa gaisuwarsa da baki, sai da kai. Mai zuba mai ya rantse wa kowa cewa shi bai taɓa cewa komai ba. Malam Anya yakan zauna gaban sikelin da babu abin aunawa, yana gaya wa kansa cewa in babu komai, me ya sa binciken ya daɗe haka.

Aka gama, aka ce ba a sami komai ba. Na'urar jirgin ta nuna bai taɓa sauka ko'ina ba sai inda aka aike shi. Kyaftin ya dawo bakin aiki, ya ɗan rame. Ya sauko, ya zo har bakin sikeli kamar kullum, ya ce, "Baba, ina gajiya?" Malam Anya ya sha jinin jikinsa. Da mutumin ya zage shi ko ya ɗauke kai, da ya san inda aka dosa. Wannan gaisuwa kuwa ta hana shi sakat. Ya ce wa matarsa mutumin da aka yi wa haka kuma ya dawo yana murmushi, akwai abin da yake shiryawa. Ta ce ai wanda ya san ya taka mutum shi ke jiran a rama.

Ana nan sai wata safiya rediyon ofis ya yi ƙara, mutumin can ya ce a nemo Malam Anya. Yayarsa ce ba lafiya. Cikinta ya kumbura tun shekaranjiya, ba ta ci ba ta sha, ma'aikacin asibitin can ya ce aiki ne sai an yi mata tiyata, kuma ba za ta jure hanyar mota ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna nesa. Ta ce ba za ta hau komai ba sai Auta ya zo.

Ranar jirgi ce. Manaja ya ce kujeru sun cika. Kyaftin yana tsaye yana sauraro, sai ya ce kujerar da ke kusa da tasa babu kowa, Baba ya zo ya zauna. Malam Anya bai taɓa hawa jirgi ba. Shekarunsa a filin, iyakarsa ƙofar ɗakin kaya. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙaramar ƙofar da ke jikinta, ya tambayi kansa ko tana buɗuwa a sama. Ya aika a gaya wa matarsa inda ya tafi da kuma wanda ya tafi da shi. Sannan ya hau.

Zuwan bai san yadda aka yi shi ba. Ya riƙe ɗamarar kujera da hannu biyu, rabin hankalinsa a kan Yaya, rabi a kan hannuwan Kyaftin. Kafin ya gama tsorata har sun fara gangarowa.

Ya tarar da ita a kwance kan gadon ɗaukar marasa lafiya a inuwar ofishin filin, ta ƙanƙance, leɓunanta sun bushe. Ta buɗe ido ta ce, "Auta, ka zo?" Ya ce ya zo. Aka cire kujeru biyu aka shimfiɗa ta a bayansu, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da ita riƙe da ledar ƙarin ruwa. Suka tashi.

A dawowar ne ya buɗe ido sosai. Duk lokacin da jirgin ya girgiza sai ya ji nishin Yaya a bayansa, ya juya, ma'aikaciyar ta yi masa alama da hannu ya kwantar da hankali. Ya dubi ƙasa. Ga hanyarsa can, siririya kamar zare, tana lanƙwasa tana zagaye tsaunuka. Ya gane gadar, ya gane gangaren da birki ya taɓa ƙwace masa. Amma ƙasar ba ta gudu. Wani tsauni mai kai biyu ya tsaya a gefensu kamar tare suke tafiya. Injin na ta ruri, su kuwa kamar an riƙe su ta baya.

Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya matso da bakinsa kusa da abin maganar da aka maƙala masa ya ce, "Kyaftin, don Allah ka taka shi."

"Iyakarsa ke nan, Baba," in ji Kyaftin. "In na matsa masa fiye da haka, mai ba zai kai mu ba."

Ya nuna masa lambobi biyu a gabansa, ya ce ɗaya gudun jirgi ne a cikin iska, ɗaya kuma gudunsa a kan ƙasa. Malam Anya ya ga na biyun ya gaza na farkon nesa ba kusa ba. Bai yarda da lambobi ba, mutum ne ke saita su. Sai dai can ƙasa ya ga inuwar gizagizai tana tsere a kan duwatsu, tana nufar inda suka baro, da saurin da bai taɓa ganin inuwa ta yi ba. Ya daɗe yana kallonta.

Da suka kai tsakiyar tsaunukan, Kyaftin ya ɗan karkata jirgin ta ɓangaren Malam Anya. Tsohon filin kamfanin ne a ƙasa. Itatuwa sun tsiro a tsakiyar titin, manya, ba na bana ba ne ba na bara ba. Ruwa ya yanka wani kwazazzabo ya raba shi biyu. Ko akuya sai ta yi dabara kafin ta haye. Kyaftin ya daidaita jirgin suka wuce. Malam Anya ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce wani abu, sai Yaya ta kira shi, ya miƙa hannu baya ta riƙe, haka suka ƙarasa, hannunsa a murɗe, bayansa na ciwo.

Motar asibiti na jiransu a bakin titi, Kyaftin ya riga ya kira tun suna sama. Aka yi mata aiki a ranar. Likita ya ce hanji ne ya naɗe, kuma da an ƙara kwana da labari ya sha bamban. Ta yi makonni a kwance, matar Malam Anya ce ta yi jinyarta. Da aka sallame ta suka hana ta komawa, aka gyara mata ɗakin ɗansu da ya yi aure ya tashi. Yaya ce ta sa aka kira mata Kyaftin har gida, ta sa masa albarka, ta ce wa ƙanenta ya tashi ya ba baƙo kujerar kirki. Ya tashi ya ba shi. Kyaftin ya sha ruwa, ya tambayi jiki, ya tafi. Malam Anya ya raka shi har bakin titi, suna tafe suna maganar tsadar taya da lalacewar gadar kogi. Maganar da ke tsakaninsu babu wanda ya taɓo ta.

Bayan 'yan watanni wani sabon matuƙi ya sauko daga jirgin, gajere mai yawan dariya. Aka ce Kyaftin ya bar wannan hanya. Malam Anya ya shiga ofis ya tambayi Manaja dalili. Manaja ya ce ci gaba ya samu, an ba shi babban jirgi mai zuwa ƙasashen waje, abin da ya daɗe yana nema. Da ya fito, mai zuba mai ya ja shi gefe ya ce ƙarya ne, binciken nan ne ya bar masa tabo, kamfani ya ƙi sabunta masa aiki, yanzu yana zaune a gida.

Ya kawo maganganun biyu gida ya ajiye gaban matarsa da yayarsa. Yaya ta ce yaro mai hali irin wannan ba ya taɓewa, ita ta yarda da Manaja. Matarsa ta ce ita ba ta sani ba, amma akwai lambar wayar mutumin a ofis, in yana son gaskiya ya karɓa ya kira shi.

Ya karɓi lambar. Ya kira sau ɗaya, wata mace ta ɗauka ta ce maigidan ya fita, wa za a ce ya kira. Ya kasa kunne yana sauraron bayan muryarta, ko zai ji alamar gidan da ke cikin wadata ko wanda ke cikin matsi. Yara kawai ya ji suna wasa, da ƙarar famfo. Ya ce a ce masa Baba ne na filin jirgi, Yaya tana gaishe shi, jiki ya yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Matar ta ce za ta faɗa masa, ta yi godiya.

Kyaftin ya kira bayan kwana biyu, Malam Anya yana wurin aiki, wayar tana gida. Yaya ce ta ɗauka. Suka daɗe suna hira, ta ba shi labarin ɗinkin da aka cire mata da irin abincin da likita ya hana ta. Da Malam Anya ya dawo ya tambaye ta ko mutumin ya faɗi inda yake aiki yanzu, sai ta ce ita ba ta tambaye shi ba, ta dai ji muryarsa garau. Ta ce masa ya cire takalmi ya zo ya taya ta zare ƙwayoyin maganin yamma daga takardarsu, yatsunta ba sa iyawa.